YADDA A KE TAFIYA A CIKIN ƘASAR MAKKA

Kowace shekara mutane da yawa daga Keffi da ƙauyukanta su kan tashi zuwa ƙasar Saudiyya, waɗansu don aikin Hajji, waɗansu Umra, waɗansu kuwa karatu ko fatauci. Galibinsu kafin su tashi su kan sami malamin da zai koya musu yadda a ke ɗawafi da sa'ayi. Amma da wuya ka ga wanda ya zaunar da su ya gaya musu yadda za su fita daga wannan gari su isa wancan, ko wace mota za su shiga, ko yadda a ke karanta tikiti. Hausawa kuwa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Allah ya nufe ni da zuwa ƙasar sau biyu, na shiga bas, na shiga tasi, na hau jirgin ƙasa da na sama. Don haka na ga ya kamata in rubuta abin da na sani a wannan mujalla tamu, gama yawancinku in kun fita malanta ƙauye za a kai ku, can kuwa malamin makaranta shi a ke kawo wa kowace takarda ya karanta.

Girman ƙasar

Abin da ya kamata mutum ya fara sani shi ne faɗin ƙasar. Saudiyya ta fi murabba'in kilomita miliyan 2, watau ta ninka Nijeriya sau biyu har da ɗoriya. Amma yawancinta hamada ce, garuruwan kuma nesa da juna su ke. Daga Jidda, inda ke bakin Bahar Maliya, zuwa Makka kamar kilomita 80 ne, ya ɗan ɗara daga nan zuwa Akwanga. Daga Makka zuwa Madina kamar kilomita 450, kusan daidai da daga Abuja zuwa Kano. Daga Jidda zuwa Riyad, babban birnin ƙasar, ya kusa kilomita 1,000. Wanda ya saba lissafi da mil, sai ya riƙe cewa kilomita 8 ita ce mil 5.

Abu na biyu shi ne lokaci. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. In ƙarfe 10 ta buga a Keffi, a Makka ƙarfe 12 ne. Mutum na sauka sai ya gyara agogonsa, in ba haka ba duk motar da aka ce za ta tashi ƙarfe kaza, sai ya tarar ta daɗe da tafiya.

Yadda kakanninmu su ka yi

Kafin in shiga bayanin yau, bari mu waiwaya kaɗan, don mu san irin sauƙin da mu ka samu. Mutanen da, da ƙafa su ke tafiya, ko bisa jaki da raƙumi. Su kan bi ta Barno su shiga Fallomi, wadda yanzu a ke kira Njamena, su wuce Abashe, su faɗa ƙasar Sudan ta Janaina da Fashir. Tun kafin Yaƙin Duniya na Farko jirgin ƙasa ya iso Al'ubayyid, to, mai kuɗi daga nan sai ya hau shi har bakin teku, ya ƙetare zuwa Jidda ta Sawakin ko Fot Sudan. Maras kuɗi kuwa sai ya tsaya ya yi ƙodago a gonakin auduga, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Wani ya kan shekara biyar ko goma bai dawo ba, wani ma ba ya dawowa sam. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, mutanenmu ne su ka kafa shi, waɗanda su ka bi Sarkin Musulmi Attahiru, su ka wuce gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Wannan hanya yanzu ba ta biyuwa, balle tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin 2023.

A can ƙasar Makka ma an taɓa yin jirgin ƙasa tun da daɗewa. Turkawa su ka shimfiɗa hanyarsa daga Dimashƙa ta ƙasar Sham, ta iso Madina cikin 1908, tsawonta kamar kilomita 1,300. Ba ta kai Makka ba, aka kuma lalata ta lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Tsohuwar tasharsa tana nan a Madina, a unguwar Ambariyya, na je na gan ta.

Sauka daga jirgin sama

Yau mutumin Keffi sai ya shiga mota ya bi ta Masaka da Mararraba da Nyanya ya isa Abuja, daga can jirgin sama ya kai shi cikin awa biyar ko abin da ya yi kusa da haka. Wuri biyu a ke sauka: filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz a Jidda, wanda aka buɗe cikin 1981, ko na Madina. Wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka, lalle ya shirya haraminsa tun kafin ya hau, ko ya ajiye shi cikin jakar hannu, domin a sararin sama za a wuce miƙati, akwatinsa kuwa yana can cikin cikin jirgi, ba ya iya kaiwa gare shi.

A nan akwai bambanci da ya kamata a gane. Mahajjaci ba ya zaɓen motarsa. Hukumar alhazai ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 2006, da ta jiha, da hukumomin Saudiyya, su ne ke shirya bas-bas da ke ɗaukar kowane ayari daga filin jirgi zuwa masauki, kuma kuɗin yana cikin kuɗin kujera. Bizar Hajji ba ta ba mutum izinin yawo ko'ina, iyakarta Makka da Madina da Jidda. Mai Umra kuwa, ko ɗan makaranta, ko ɗan kasuwa, shi ne zai nema wa kansa abin hawa. Tun 2022 an yarda wa mai bizar Umra ya zaga sauran garuruwan ƙasar. Shi ne ya fi bukatar abin da zan faɗa a gaba, ko da ya ke mahajjaci ma zai amfana.

Bas

Bas ita ce abin hawan talaka. Babban kamfanin bas na ƙasar, SAPTCO, an kafa shi cikin 1979, yanzu kuma akwai waɗansu kamfanoni da ke haɗa garuruwa. Bas ɗin da ke tafiya tsakanin gari da gari ba kamar ta tashar Keffi ta ke ba, inda a ke jira sai mota ta cika. Lokaci a ke bi. In an rubuta ƙarfe 9, ƙarfe 9 za ta tashi, ko da mutum uku ne a ciki. Babu yaron mota mai kiran fasinja, babu ɗan kamasho. A ofis a ke yankan tikiti, ko ta wayar hannu, a kan kuma nemi fasfo.

Daga Makka zuwa Madina bas ta kan yi awa biyar zuwa shida. Lokacin Hajji ta kan fi haka nesa, saboda cunkoso da tsayawar bincike. A kan tsaya a hanya don salla da cin abinci. To, nan ne wurin da a ke ɓacewa. Bas hamsin za ka gani a jere, launi ɗaya, kamar an haife su rana ɗaya. A tafiyata ta fari wani dattijo cikin ayarinmu ya fita alwala, ya dawo ya shiga wata bas da ke kusa da tamu, ya sami kujera ya zauna abinsa. Ashe ta mutanen wata ƙasa ce, kuma Makka ta nufa, mu kuwa Madina za mu. Ba don wani yaro ya hango hularsa ta taga ba, da Allah kaɗai ya san kwana nawa za a yi ana nemansa. Saboda haka kafin ka sauka, dubi lambar da ke jikin motar ka rubuta, ka kuma sanar da na kusa da kai.

A cikin garin Makka kuma akwai bas-bas na gari da aka fara cikin 2022. Da fari kyauta ne, daga baya aka sa kuɗi kaɗan. Ban da su, masaukai masu nisa da Harami su kan ajiye motocin da ke kai baƙinsu salla su komo da su. Kowace unguwa da tashar da motocinta ke tsayawa a gefen Harami. Wanda ya fito ta ƙofar da ba tasa ba, sai ya ga gari ya juye masa. Ƙofofin suna da suna da lamba: Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce ta 1, ta Sarki Fahad ita ce ta 79. Riƙe lambar ƙofar da ka shiga, ta nan za ka fita.

Jirgin ƙasa

Jirgin Haramaini shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Sarki Salman ya buɗe shi cikin Satumba 2018, fasinja su ka fara shiga cikin Oktoba na shekarar. Da lantarki ya ke tafiya, a ƙasar Sifen aka ƙera shi, yana kuma iya gudun kilomita 300 cikin awa guda. Tashoshinsa biyar: Makka, da cikin garin Jidda, da filin jirgin sama na Jidda, da sabon birnin Sarki Abdullahi kusa da Rabig, da Madina. Tafiyar da bas ke yi cikin awa shida, shi cikin awa biyu da 'yan mintoci ya gama. Ga wani lissafi da za ku iya ba 'yan aji shida: in nisan kilomita 450 ne, gudun kuma 300 a awa, ai awa ɗaya da rabi ya kamata. Ina sauran lokacin ya tafi? Amsa ita ce, yana tsayawa a tashoshi, kuma ba ya sakin gudu sai ya fita gari.

Amma fa akwai abubuwa huɗu da za a kiyaye. Na ɗaya, kuɗinsa ya fi na bas, kuma cikin watan azumi da lokacin Hajji kujeru su kan ƙare tun da kwanaki, sai a yanki tikiti da wuri. Na biyu, an ƙayyade kaya: akwati guda mai matsakaicin girma da jakar hannu. Hajiyar da ta sayo darduma da barguna da tukwane, bas ce ta dace da ita. Na uku, tashoshin ba a bakin masallaci su ke ba. Ta Makka tana unguwar Rusaifa, ta Madina ma tana bayan gari, sai an ƙara da bas ko tasi, a sa wannan cikin lissafin kuɗi da na lokaci. Na huɗu, wanda ya taso daga Madina da niyyar Umra, jirgin ba ya tsayawa a Zulhulaifa, inda a ke kira Bi'ir Ali. Sai ya ɗaura haraminsa tun kafin ya shiga. Mai bas kuwa a kan tsaya masa a can.

Kowane tikiti yana ɗauke da lambar tarago da lambar kujera. Ana rufe ƙofa 'yan mintoci kafin tashi, kuma babu wanda za ka roƙa ya buɗe. A nan, zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Akwai wani jirgin dabam wanda ba ya aiki sai kwanakin Hajji kaɗai. Shi ne na Masha'ir, wanda wani kamfanin ƙasar Sin ya gina, aka fara shiga cikin 2010. Tsawon hanyarsa kilomita 18, tashoshi tara, uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa. An tsara shi ya kwashi mutum 72,000 cikin awa guda. Duk da haka ba kowane mahajjaci ke shigarsa ba, sai ayarin da aka rubuta wa shi. Sauran bas ke kai su.

Can gabas kuma akwai tsohuwar hanyar jirgi daga Riyad zuwa Dammam, tun 1951, da wata sabuwa da ta yi arewa ta Ƙasim da Ha'il. A cikin birnin Riyad an buɗe jirgin cikin gari mai layi shida cikin Disamba 2024. Amma tsakanin Jidda da Riyad babu jirgin ƙasa na fasinja. Mai wannan tafiya sai ya zaɓa: ko ya yini cikin bas, ko ya hau jirgin sama ya isa kafin awa biyu. Kamfanin Saudia, wanda ya faro tun 1945, da flynas da flyadeal, duk suna wannan zirga-zirga. Masu arahar tikiti su kan caji kuɗin akwati dabam, sai a tambaya kafin a biya.

Tasi da motar haya

Kuɗin ƙasar sunansa riyal, halala 100 ke riyal guda. Tun 1986 riyal 3.75 ke dala ɗaya ta Amurka, saboda haka wanda ya san kuɗin dala a gida ya san na riyal. Tasi iri biyu ce. Akwai wadda a ke tarewa a titi, akwai wadda a ke kira ta wayar hannu, kamar Uber da Careem. Ta wayar ta fi kwanciyar rai, don tun kafin ka shiga ka ga kuɗin. Ta titi kuwa, ku gama ciniki kana tsaye a waje, ka kuma tabbata kuɗin na motar duka ne ko na kowane kai. Na ga inda wani direba ya ce talatin, mutum huɗu su ka shiga, da aka isa ya ce ai talatin-talatin ya ke nufi. Bayan sallar Juma'a da bayan tarawihi kuɗin tasi ya kan ninka. Wanda ya haƙura ya zauna cikin masallaci rabin awa, ya huta da cunkoso, ya kuma huta da tsada.

A hannun dama a ke tuƙi, kamar yadda mu ma mu ke yi tun 1972. Tun Yuni 2018 mata ma suna tuƙi. Hanyoyin suna da faɗi da santsi, motoci na gudu ƙwarai, an kuma kafa na'urorin ɗaukar hoto da ke kama mai wuce ƙa'ida, tara ta biyo shi. Ban ba baƙon kwana goma shawara ya ɗauki motar haya ya tuƙa da kansa ba. Mai tafiya a ƙasa kuma kada ya tsallaka babban titi yadda mu ke yi a Mararraba, ya nemi gada ko fitila.

Ga 'yan'uwanmu na wannan kwaleji waɗanda ba Musulmi ba, wataƙila aiki ya kai ɗayanku can wata rana. Jidda da Riyad da Ɗa'ifa duk a buɗe su ke gare ku, amma ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya shiga Makka. A kan hanyar Jidda akwai allo babba da ke nuna inda za a ratse, gaba kuma akwai shingen 'yan sanda.

Lamba da harshe

Yawancin alluna da Larabci da Turanci a ke rubuta su, amma wani lokaci lambar Larabci kaɗai za ka gani. Wanda ya yi makarantar allo bai da wahala. Ɗan boko zalla kuwa sai ya lura: biyar ɗinsu kamar sifirinmu ta ke, sifirinsu ɗigo ne, shidansu ta yi kama da bakwai ɗinmu, huɗunsu kuma kamar uku ce da ta juya baya. Sau da yawa mutum ya kan ga bas mai lamba 65 ya karanta 70. A jikin tikiti, harafin sadi na nufin safe, mimi na nufin yamma. In kuwa an rubuta 15:30, ƙarfe uku da rabi ne na rana.

Kalmomi kaɗan sun isa a fara da su: "bikam" watau nawa ne, "mahaɗɗa" tasha, "yamin" dama, "yasar" hagu. Matambayi ba ya ɓata. Ga shi kuma Hausa ba baƙuwa ba ce a Makka. Jikokin mutanen nan da su ka tafi da ƙafa suna nan, a Shara Mansur da Misfala za ka ji ana ciniki da Hausa, har tuwo da miyar kuka za ka samu.

Abin da ya fi kome

Na bar wannan a ƙarshe don shi ne mai taɓa rai. Cikin Hajjin 2024 zafi ya haura awo 51 a Makka. Hukumar lafiya ta Saudiyya ta ba da sanarwa mutum 1,301 su ka rasu, kashi 83 cikin ɗari kuma waɗanda ba su da takardar izinin Hajji ne. Dalili a fili ya ke. Maras izini ba shi da kujera a bas, ba shi da shiga jirgin Masha'ir, ba shi da tanti mai sanyi. Daga Makka zuwa Arfa kamar kilomita 20 ne, da ƙafa ya ke yinta cikin tsakar rana. Saboda haka duk wanda ya zo ƙauyenku ya ce zai kai mutum Hajji da bizar ziyara a kan rabin kuɗi, ku gaya wa jama'a abin da rabin kuɗin nan ya rage: motar ce ya rage, da inuwar. Tun 2024 kowane mahajjaci sai ya rataya katin Nusuk, da shi a ke shiga wuraren ibada. Kada ya rabu da wuyan mutum, ko wanka zai shiga ya san inda ya ajiye shi.

Ko mai izini ma ya kiyaye. Ya riƙe laima da gorar ruwa, kada ya ce zai riga ayari don ya ga bas ta yi jinkiri. Sauri ya kan haifi nawa. Ya karɓi katin masaukinsa mai adireshi da Larabci ya sa a aljihu, don ko bai iya magana ba ya miƙa wa direba ko ɗan sanda. In wani ya faɗi, a kira 911 a yankin Makka, ko 997 don motar asibiti.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga roƙona. Duk inda aka kai ku aiki, in lokacin tashin alhazai ya matso, ku nemi izinin mai gari ku tara maniyyata a aji ɗaya da yamma. Ku zana musu taswira a allo, Jidda a yamma, Makka kusa da ita, Madina can arewa. Ku koya musu lambobin nan goma, da karatun agogo, da rubuta lambar mota. Ku rubuta wa kowane tsoho sunansa da na jiharsa da lambar wayar ɗansa a takarda mai kauri. Aikin yamma uku ne, ba ya cin ko kwabo. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi gida lafiya, amin.